Ƙafar Yaya a Tallan Man Kaushi

Aikina rubuta talla ne, ko da yake ba ni ke riƙe alƙalamin ba. A aji huɗu na bar makaranta. Karatu ina yi a hankali, rubutu kuwa in na yi sai an tambaye ni me na ce. Abin da nake da shi baki ne. Shekara goma sha tara na yi a bayan motar talla da lasifika a hannu, ina sayar da sabulu da batir da maganin sauro, har sunan Lasifika ya bi ni, ya danne na yanka. Da motar ta mutu, mutane kuma suka koma cikin waya da zama, wani mutum da muke kira Manaja ya neme ni. Ya ce yana da masu digiri biyu da suka iya Turanci amma ba su iya tsayar da mutum a hanya ba, ni kuma na iya.

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon taya. Tebur uku, fanka mai ƙara, farin ƙyalle a bango inda ake ɗaukar hoton kaya, da fitila mai zobe a kan sanda. Duk yini warin roba na hawowa ta taga. Ni nake faɗa, wata mata da muke kira Mai Tabarau take bugawa a kwamfuta, ta gyara inda bakina ya yi kaifi da yawa, Manaja ya ɗora a shafukan masu kaya.

Sana'ar ba ta da wani asiri. Layin farko shi ne komai, dole ya tsayar da babban yatsan mutum yana cikin ja. Bayan shi sai tambaya wadda za ta raba jama'a gida biyu. Kayan da ake sayarwa a can ƙasa ake sa shi, kamar an manta da shi. Sannan awa ta farko. In mutane suka yi magana a ƙarƙashin talla cikin awar nan, injin da ke rarraba abubuwa sai ya kai shi gaban wasu, waɗancan su ma su yi magana, ya ƙara gaba. In aka yi shiru, ya mutu a wurin. Injin nan bai san bambancin addu'a da ashar ba. Duk magana ce a wurinsa, kuma ashar ta fi saurin haihuwa.

Saboda haka muke da wayoyi bakwai a durowar teburina. Kowace da sunanta da hotonta, amma babu mutum a bayansu. In talla ya yi sanyi sai in ɗauki ɗaya in yi zagi, in ɗauki ta biyu in rama, ta uku ta shigo tana rabon faɗa ta ƙara ɓata abin. Kafin ka ankara mutanen gaske sun shigo sun karɓe rigimar, mu kuma mu janye. Kunna wuta muke kiran wannan, kuma ni ne mai ashana.

Wata Litinin wata mata ta hau mana bene, tana haɗa man shafawa na kaushi da faso a gidanta. Madam muke ce mata. Ta ajiye kwalabe shida a tebur ta ce ta gaji da hotunan da ake kwasowa a waya.

“Ƙafafun nan da kuke sa min, wa ya taɓa ganin irinsu a unguwarsu? Ƙafar gaske nake so, wadda in mace ta gani za ta leƙa ta mijinta.”

Manaja ya dube ni. Na ce na san inda ƙafa take.

Yayana ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Da babanmu ya rasu ina ɗan shekara shida, shi ya ajiye littafi ya shiga gidan bulo, kuma bai fito ba har yau. Shi ya ciyar da ni da Innarmu. Shekara arba'in yana tsaye cikin kwaɓin siminti, kuma siminti cin fata yake. Diddigensa ya tsage kamar ƙasar da ruwa ya janye ya bari, wani tsagin za ka iya sa tsinken ashana ya tsaya. Ƙaramin yatsansa na hagu babu, ƙarfen buga bulo ya faɗo masa tun ina yaro. Matarsa ta tafi shekara tara da suka wuce, ta bar masa 'ya ɗaya, wadda yanzu take makarantar koyon jinya. Likita muke kiranta tun tana ƙarama, don ita ke ɗaure wa kaji ƙafa.

Na same shi a gidan bulon da rana tsaka, yana zaune a kan baro yana cin abinci.

“Yaya, ƙafarka na zo aro.”

“Wacce? Mai yatsa biyar ko mai huɗu? Mai huɗun ta fi araha.”

Na yi masa bayani. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce shekara hamsin da bakwai ba wanda ya taɓa neman hotonsa sai yau, kuma aka fara ta ƙasa. Sai dariyar ta tsaya, ya ajiye cokali.

“Ban da fuska.”

“Ban da fuska.”

“Ba fuska kaɗai ba. Kada kowa ya san ni ne. Yarinyar nan tana cikin 'ya'yan mutane a makaranta, ba na so a ce ga 'yar mai ƙafar nan. Ka ji ni?”

Na ce na ji. Ya tashi zai ɗauko tiyo ya wanke ƙafar, na hana shi, na ce da simintin nake so. Ya tsaya a kan wani katako, na durƙusa na ɗauka ta baya, na ɗauka ta gefe. Ya ƙi karɓar komai. Kwalba ɗaya kawai ya ce in kawo masa ya gwada, ko Allah zai sa a dace.

Ranar Talata da ƙarfe goma na safe muka ɗora. Layin farko na ce a rubuta: “'Yar'uwa, tsaya ki kalli wannan.” Tambayar kuma: “Za ki bar wannan ƙafar ta hau zanen gadonki, ko sai ya gyara?” Man Madam yana can ƙasa da lambar waya.

Minti ashirin, mutum tara suka danna, sharhi biyu, ɗaya ma tambaya yake ko muna ɗaukar ma'aikata. Na buɗe durowa. Da waya ta ɗaya na ce, “Wannan ƙafa ce ko kofato?” Da ta biyu na ce, “Ku ji tsoron Allah, ƙafar mai neman halal ce.” Mutum uku suka yi dariya suka wuce. Minti arba'in. Madam ta kira Manaja, muna jin muryarta daga inda muke. Ya ajiye waya ya zo ya tsaya a kaina.

“Lasifika, zagin nan naka na roba ne. Ko yaro ya san na haya ne. Ka tsufa ne, ko bakin ya gaji?”

“Ba ni minti biyar.”

“Minti ashirin suka rage a awar, ka ɗauki biyar ɗin a ciki.”

Akwai abin da na koya tun a kan mota. Ƙarya ba ta tsayar da mutane. In kana so kasuwa ta juyo, ka faɗi abin da ya faru da gaske, da ƙanƙanin bayani irin wanda ba a iya ƙirƙira. Mutum yana jin ƙamshin gaskiya ko a cikin hayaniya. Ina zaune hoton ƙafar nan na gabana, sai maganar ta zo min da kanta, ban nemo ta ba.

Na ɗauki waya ta huɗu, wadda ke da sunan mace da hoton fure, na miƙa wa Mai Tabarau.

“Rubuta. Na san mai ƙafar nan, a gidan bulo yake aiki. Matarsa guduwa ta yi ta bar masa 'ya. Ranar da za ta tafi cewa ta yi gara ta kwana da buhun tsakuwa da ta sake kwana kusa da shi.”

Ta buga rabi ta tsaya, ta dube ni ta saman gilashin.

“Wannan daga ina ka samo shi?”

“Daga kaina. Tura.”

Ta tura. Abin da na gaya wa kaina a lokacin shi ne gari babba ne, gidajen bulo sun fi ɗari, mazan da mata suka gudu suka bari kuwa ba su ƙirguwa. Ban yi dogon tunani ba. Agogo nake kallo.

Kafin awar ta cika sharhi ya wuce ɗari biyu. Mata suka ce matar ta yi daidai, wasu matan suka ce butulu ce. Maza suka shigo da zafinsu, suna cewa da wannan ƙafar aka ciyar da ita. Wani ya rubuta doguwar nasiha, aka zage shi, ya rama. Kafin la'asar mutum dubu arba'in sun gani, Madam ta kira tana cewa kwalabenta sun ƙare, tana neman mai taya ta cikawa. Manaja ya sayo mana lemo mai sanyi, ya dafa kafaɗata ya ce wa masu digirin nan su zo su koyi aiki. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na koma gida ina jin kaina kamar ɗan shekara talatin.

Washegari da safe na ga wani ya rubuta: “Yatsa huɗu a hagu, gidan bulo, mata ta gudu. Ai wannan dattijon nan ne na bayan tashar mota.” Mutum sittin suka danna masa. Zuwa azahar wani direban tipa da ke kai musu yashi ya ɗauki Yaya hoto ba da saninsa ba, yana sunkuye da shebur, fuskarsa a fili, ya liƙa a ƙarƙashin tallan ya rubuta, “Ga buhun tsakuwar nan da kansa.”

Na je wurin Manaja na ce a cire sharhin waya ta huɗu da hoton da direban ya liƙa.

“Ka haukace? Wannan sharhin shi ke riƙe da wutar gaba ɗaya. Amsa dubu da ɗari uku ne a ƙarƙashinsa. In ka cire shi duk su tafi.”

“Yayana ne.”

Sai ya ce, “To ai kai ka kawo shi, kuma kai ka rubuta. Ni ban san shi ba. Bari ya kwana biyu, mutane za su manta, gobe wani abin za su samu.”

Na koma teburina na zauna. Wayar tana hannuna, ba na buƙatar izinin kowa in goge. Ban goge ba sai ranar Alhamis da yamma, kuma zuwa lokacin aikin banza ne. Mutane sun riga sun ɗauki hoton maganar suna turawa junansu, wasu sun haɗa ta da fuskarsa sun sa kiɗa a kai. Manaja ya yi ta faɗa don lissafin tallan ya faɗi.

Ban je gidan bulon ba a satin. Labari ne ya riƙa iso ni. An ce masu sayen bulo suna zuwa su ce a nuna musu Buhun Tsakuwa. An ce abokan aikinsa da suka shekara ashirin tare suna kiransa da sunan, wai wasa suke. An ce ya sayi dogon takalmin roba yana sawa da safa a cikin zafin nan, ba ya cirewa ko lokacin cin abinci, kuma ya daina alwala a bakin famfon da kowa ke yi, sai ya zaga bayan tarin yashi.

Ranar Juma'a da safe Likita ta hau mana bene. Ba ta taɓa zuwa ofishin ba. Tana sanye da farin kayan makaranta, ta gaishe da Manaja, ta gaishe da Mai Tabarau, ta jawo kujera ta zauna a gaban teburina.

“Baffa, taimako na zo nema.”

“Ina jin ki.”

“Matar nan da ta rubuta maganar, mai hoton fure. Ku da kuke wannan aikin, ba yadda za a yi a gano ko wace ce?”

Gwiwata tana jingine da durowar. Na ce mata da wuya, mutane suna buɗe shafi da sunan ƙarya, kuma ga shi ta goge.

“Baba ya ce Mama ce.”

Na san bara ne yarinyar ta fara zuwa wurin uwarta, bayan shekara takwas ba sa ko gaisawa. Yaya da kansa ya ba ta izini, duk ƙarshen mako takan je ta yini. Uwar ta yi wani auren, mijin yana da shagon kayan famfo a babban titi.

“Ya ce in na sake taka gidanta bai yafe ba. Na kira ta, ta yi ta rantsuwa tana kuka, ta ce ita ko shafin ba ta da shi. Ta ce ta faɗi maganar, ba ta musa ba, amma shekara tara ke nan, kuma kullum tana nadamarta. Baffa, ni ban san wa zan yarda da shi ba. In ita ce, to ban san wace irin uwa gare ni ba. In ba ita ba ce, wa ya tsane mu haka?”

Na ce ta bar ni in bincika. Na tambaye ta makaranta, ta ce lafiya, sai dai ta daina shiga ɗakin cin abinci. Ta tashi ta tafi. Duk tsawon maganar nan ban ji ƙarar kwamfutar Mai Tabarau ba. Da takun yarinyar ya ɓace a matakala, ta cire gilashinta ta goge da bakin mayafi.

“Daga kanka, ko?”

“Yi aikinki.”

“Aikina nake. Ni na buga shi da hannuna, shi ya sa nake tambaya.”

Ba ta sake yi min magana ba ranar, sai abin da ya shafi tallan wani mai katifa.

Ranar Asabar Yaya ya aiko a kira ni. Na same shi a bakin gidan bulon wajen ƙarfe sha ɗaya, ya yi wanka ya sa rigarsa ta fita, amma da takalmin robar nan a ƙafa. Ya rame a wuya. Ban ga fushi a fuskarsa ba, kuma bai ambaci hoton ba sam. Ya ja ni gefe inda injin bulo ba ya damun kunne.

“Na zauna na yi lissafi,” ya ce. “Ranar da ta faɗi maganar nan mu huɗu ne a ɗakin. Ni, da kai, da Inna, da ita. Inna tana kabari. Ni ban faɗa wa kowa ba, ko yarinyar ban faɗa wa ba. To saura wa?”

Ya dube ni yana jiran in taya shi lissafin. Ya ambace ni a cikin huɗun, amma ko a ransa bai sa ni a cikin waɗanda za a tuhuma ba. Ya tsallake ni kamar yadda ya tsallake kansa.

“Shagon mijinta za mu,” ya ce. “A gaban mutane nake so a gaya masa ya ja wa matarsa kunne. Ta bar ni, na haƙura. Na ba ta 'yarta tana gani, na haƙura. Me kuma take nema a wurina? Ni ban iya magana ba, in na fara sai harshena ya sarƙe. Kai ne mai baki. Kai za ka yi min.”

Muka kama hanya a ƙasa. Tafiyar minti ashirin ce, amma ta ɗauke mu kusan arba'in, don yana ɗingishi. Robar ta dafa masa ƙafa, tsagin ya buɗe, ina jin yadda safar ke tsotsewa a ciki duk taku. Yana tafe yana tsara min abin da zan faɗa. In fara da sallama, kada in yi zagi, kada in ɗaga murya sai in mijin ya ɗaga. In ce yarinya ba za ta ƙara zuwa ba. Muka wuce masu gyaran babur, wani a cikinsu ya ce, “A'a, Buhu, ina zuwa haka da kwalliya?” Sauran suka kwashe da dariya. Yaya bai juya ba.

Ni kuma ina tafe ina nawa lissafin. Zan iya yi. In na tsaya a ƙofar shagon nan na buɗe baki, kafin minti biyar titin zai cika, kuma kowa zai koma gida da yaƙinin matar ce. Ba ta da hanyar wanke kanta. Wayar tana durowa, Manaja ba zai yi magana ba, Mai Tabarau ma ba ta san gidan kowa ba. Yaya zai ci gaba da zama yayana. Abin da zai ci kawai shi ne yarinyar ta rasa uwarta karo na biyu, da bakina.

Muka iso babban titi. Shagon yana tsallake, ana ganin bututai a jingine da bango, mijin yana zaune a kan benci da wasu mutum biyu. Motoci na wucewa, muka tsaya jiran hanya. Yaya ya kama hannun rigata kamar yadda yake yi in za mu tsallaka tun ina yaro.

“Yaya, ba ita ba ce. Ni ne.”

“Na sani kai ka ɗauki hoton. Ban ce komai a kan hoton ba, ni na yarda.”

“Ba hoton ba. Maganar. Ni na faɗa aka rubuta.”

Ya dube ni, ya dubi titi, ya sake dubana.

“Mace ce ta rubuta. Likita ta nuna min, da hoton fure.”

“Babu wata mace. Waya ce a durowar teburina. Muna da guda bakwai. In talla ya ƙi tashi da su muke fara zagi don mutane su shigo.”

Hanya ta buɗe, mutanen da ke gefenmu suka tsallaka, mu muna tsaye. Ya saki rigata. Yana ta motsa baki kamar mai tauna wani abu.

“Me na yi maka?”

“Ba ka yi min komai ba.”

“To don me?”

“Tallan ne ya yi sanyi. Saura minti ashirin awa ta cika.”

Na so in ƙara wani abu, amma babu abin ƙarawa, iyakar dalilin ke nan. Ni da ake biya don magana, na tsaya a bakin titi hannu a aljihu.

“Da ka faɗa,” ya ce a hankali, “ya tashi?”

“Ya tashi.”

Ya gyaɗa kai sau biyu. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Ya jira wata babbar mota ta wuce, ya tsallaka shi kaɗai yana jan ƙafa. Na ga ya yi sallama, mijin ya miƙe da alamar shirin rigima, sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Maganar ba ta kai minti biyu ba. Daga baya na ji abin da ya ce: a gaya wa uwar yarinya ya zarge ta da abin da ba ta yi ba, ta yafe masa, kuma yarinya za ta zo gobe. Da ya gama bai dawo ta inda nake ba. Ya bi ta gefen shagon ya shiga wani lungu, hanyar da ta fi nisa zuwa gidansa.

Ranar Litinin na ce wa Manaja a sauke tallan gaba ɗaya. Ya ce ba namu ba ne yanzu, na Madam ne, kuma ta ce a bar shi har ƙarshen wata. Na kira Madam da kaina. Ta ce Allah sarki, ba ta san ɗan'uwana ba ne, za ta aika masa da kwalba uku kyauta. Tallan ya kai ƙarshen wata.

Yaya ya bar gidan bulon bayan sati biyu. Ba korarsa aka yi ba, ƙafar ce ta ruɓe a cikin robar har ya kasa tsayuwa. Sau uku ina zuwa gidansa. Na farko ƙofa a rufe. Na biyu maƙwabcinsa ya ce sun tafi asibiti. Na uku na je da hantsi, na ƙwanƙwasa, Likita ta buɗe rabin ƙofa ta tsaya a ciki. Hannunta da safar roba, tana warin maganin wanke ciwo. Daga cikin ɗaki ina jin rediyo, ina jin tarinsa.

Na gaishe ta, ta amsa. Na tambayi ƙafar.

“Da sauƙi. Ni nake wanke masa safe da yamma. Ba ya bari kowa ya gani, ko a asibiti sai da aka fitar da mutane. Ni ma sai na rufe taga yake cire safar.”

“Zan iya shiga?”

Ta waiwaya cikin gidan, ta juyo.

“Ya ce in ce maka ba ya nan.”

Na ce to. Na ce ta gaya masa na zo. Ta ce ai ya ji. Ta tura ƙofar a hankali har ta rufu, na ji ta sa sakata.

Na ɗan tsaya a wurin, sannan na sauka zuwa bakin titi na nemi mota. Ƙarfe biyu za a ɗora tallan mai katifa, kuma ban ba Mai Tabarau layin farko ba tukuna.